Daga Lankasta Zuwa Boulton, Ina Bin Hannun Maƙeran Tsofaffin Bindigogi

Daga Filadelfiya zuwa Lankasta tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota idan hanya ba cunkoso. Ɗan yayata da ke aiki a can shi ya ja mu, a ƙarshen watan Yuli, lokacin da zafin jihar Fensilbaniya ta Amurka ke zuwa da gumi mai danƙo wanda ba ya bushewa a jiki. Da muka sauka daga babban titi sai gonakin masara hagu da dama, da kekunan doki na mutanen Amish suna tafe a gefen kwalta, motoci na kauce musu. Shi yaron ya so mu tsaya kallonsu. Ni kuwa gidanmu gidan ƙira ne, ko da yake boko ya ɗauke ni tun ban iya riƙe masaba da kyau ba, don haka abin da ya kawo ni shi ne dogayen bindigogin da maƙeran yankin suka yi shekara ɗari biyu da wani abu da suka wuce, da yadda masana ke duban ɗaya su ce daga gari kaza ta fito, hannun wane ne.

Amurkawa da yawa bindigar Kentaki suke ce mata, alhali a nan kudu maso gabashin Fensilbaniya aka haife ta, a hannun baƙi masu jin Jamusanci da suka zo daga Jamus da Suwizalan a shekarun 1700. Sunan Kentaki daga baya ya manne mata, bayan yaƙin New Orleans na 1815, da wata waƙar yabon maharban Kentaki ta bazu a ƙasar. Baƙin sun zo da gajeriyar bindigar farauta ta ƙasarsu, mai kauri da faɗin baki. A nan sai ta yi ta miƙewa tana sirancewa har bututunta ya kai inci 40 zuwa 46, wani lokaci fiye. A cikin bututun akwai tsagogi masu murɗewa, galibi bakwai, su ke sa harsashi ya fita yana juyawa ya tafi sak. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a naɗe dunƙulen dalma a ƙyalle mai maiƙo, a danna da sanda. A 2014 jihar Fensilbaniya ta ayyana ta a matsayin bindigar jiha.

Zangonmu na farko wani ɗan ɗakin dutse ne kusa da Willow Street, a bakin titin da aka raɗa wa suna Long Rifle Road. Allunan tarihi na yankin sun ce maƙerar Martin Meylin ce, mutumin Suwizalan, kuma a 1719 aka gina ta. Masu bincike har yau ba su daidaita ba kan ko ya ƙera irin wannan bindiga a ciki. Muka leƙa, muka ɗauki hoto, muka wuce.

Inda ido ya fara buɗewa shi ne Landis Valley, gidan tarihin da wasu 'yan'uwa biyu, Henry da George Landis, suka kafa a 1925 da tarkacen gona da na sana'a da suka yi shekaru suna tarawa. Idan aka jera maka bindigogin Lankasta a bango ɗaya, kafin ka karanta ko suna ɗaya za ka ga 'yan ɗaki ɗaya ne. Gindin ƙotar, wato inda ake jinginawa a kafaɗa, layinsa na sama miƙaƙƙe ne, na ƙasa ma miƙaƙƙe, ba lanƙwasa. A gefen dama akwai ɗan akwati da aka rarake a cikin itacen, inda maharbi ke ajiye ƙyalle da maiƙo, an rufe shi da murfin tagulla. Wannan murfin shi ne fuskar bindiga. A Lankasta sau da yawa kansa yana ƙarewa da wata 'yar fure mai ganye zagaye, kuma maƙeran garin sun yi ta maimaita ta uba da ɗa, maigida da yaronsa. Kamar dai yadda dattawanmu ke duban tsagar fuskar mutum su ce Bagobiri ne tun bai buɗe baki ba, haka masana wannan harka ke duban murfin nan da tsayuwar ƙota.

Sunan da ya fi tashe a Lankasta shi ne Jacob Dickert. A Mainz ta Jamus aka haife shi a 1740, iyayensa suka kawo shi Amurka a 1748, ya rasu a 1822. Yakan rubuta sunansa a saman bututu, tare da wani ɗan hatimi mai kibiya da gatari a gicciye. Shi ya sauƙaƙa wa na baya. Da yawa daga abokan zamaninsa ba su sa suna ko kaɗan ba, don wanda ya ba da aikin maƙwabci ne, ya san wa ya yi masa, to rubutun na mene ne?

Akwai kuma Melchior Fordney, gwanin zane a kan tagulla, wanda wani maƙwabcinsa ya kashe da gatari a 1846. Yaronsa Henry Leman shi ya buɗe masana'anta a Lankasta a 1834 ya riƙa fitar da bindigogi da yawa don kasuwar yamma. A kan Leman na koyi wani abu da ake gani da ido. Itacen mapul da ake ƙota da shi, mai kyaun yana da ratsi-ratsi a gicciye, kuma idan ka juya shi a haske ratsin yana motsi, ya yi duhu a nan ya haska a can, don daga cikin itacen yake. Masana'antar Leman takan ɗauki mapul maras ratsi ta zana masa da buroshi. Nasu ratsin a jere yake daidai wa daida, kuma ko yaya ka juya shi a haske yana nan inda yake. Ba zan kira wannan ha'inci ba, ado ne na kasuwa da mai saye ya sani, amma yau ya zama shaidar gane kayan gidan.

A Lititz muka ci abinci. Ƙaramin gari ne da mabiya cocin Morabiya suka kafa, mai tsabta kamar an share shi da safe don baƙi. Yaron ya ja ni gidan gasa burodin nan mai gishiri da ake murɗawa, wanda aka buɗe tun 1861, ya ce ai ba za a kwana ana kallon ƙarfe da yunwa ba. A garin nan Andreas Albrecht ya zauna daga 1771 har rasuwarsa a 1802, kuma zan dawo kansa, don zare mai tsawo ya ratsa ta hannunsa. Daga nan muka bi ta Lebanon, garin John Philip Beck, wanda ya rasu a 1811. A wasu bindigoginsa, idan aka zare bututun daga ƙota, a ƙasansa inda ido ba ya kaiwa za a tarar da haruffa huɗu, INRI, waɗanda Kiristoci ke cewa an rubuta a kan gicciye. Nicholas Beyer, wanda ake ganin a wurinsa ya koyi aiki, shi ma yakan yi haka.

Kempton ƙauye ne a arewacin gundumar Berks, ƙarƙashin tsaunuka, kuma duk ƙarshen Yuli maƙeran bindigar gargajiya ke taruwa a can. Yawancinsu masu ƙera sababbi ne a kan tsohon salo. Za ka ga mutum da gemu har ƙirji yana fafe ƙota da kurfi, wani na nuna yadda ake naɗe fallen ƙarfe a jikin sanda a haɗe bakinsa da wuta ya zama bututu, wani na shafa wa mapul ruwan asid da aka narka ƙarfe a ciki sannan ya kara masa zafi, farin itace ya koma ja mai duhu a gaban idonka. Amma akwai tebura na masu tsofaffin kaya, kuma a gaban ɗaya daga cikinsu na ƙare yinin. Mai teburin dattijo ne mai rawar hannu, da gilashin ƙara girma rataye a wuya. A dokar tarayyar Amurka bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce, shi ya sa suke shimfiɗe a kan bargo ba wani shamaki, sai dai ba a taɓawa sai an nemi izini.

Yaron ya sunkuya kan wata doguwa mai ja-ja, ya ce, "Kawu, wannan ai ba sai an yi wahala ba, ga sunan mai ita nan, Ketland." Na fassara wa dattijon dalilin murnar, sai ya yi dariya har da tari. Sunan a jikin makunni yake, wato farantin ƙarfen nan na gefe mai ɗauke da dutsen ƙyastu da kaskon albarushi. Maƙeran Fensilbaniya galibi sayen makunni suke yi haɗaɗɗe, na Jamus da farko, daga baya na Ingila, kuma Ketland gidan kasuwanci ne na Birmingham. Birmingham ɗin nan dai ita ce ta yi ta loda wa jiragen ruwa bindigogin ƙyastu masu santsin ciki zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, kakannin bindigar tokar maharbanmu. A zamanin baya kuma sunan Golcher na Filadelfiya ya cika jikin makunnai, har mutane da yawa ke zuwa da gadon kakansu suna cewa Golcher ya ƙera. Idan maƙerin ya sa suna, in ji dattijon, a saman bututu za a nema, tsakanin gindinsa da ma'aunin saiti na baya. Sunan da ke ƙasan bututu kuwa yakan zama na mai injin huda bututu ne, irin waɗanda suka jeru a bakin rafin Wyomissing kusa da Reading suna sayar wa kowa. Ke nan bindiga ɗaya tana iya ɗaukar suna biyu, babu na wanda ya haɗa ta a ciki.

Wannan ɗin samanta fayau yake, ba suna. Dattijon ya ce mu ja da baya taku uku mu dube ta daga nesa tukuna. Gindin ƙotarta ba irin na Lankasta ba ne: layin sama ya yi doro ya sauko, na ƙasa ma ya lanƙwasa ya bi shi. Sannan ya miƙa mini ya ce in kama wuyanta, inda hannun dama ke riƙewa. Faɗinsa ya fi tsayinsa, ya cika tafin hannu a kwance. Murfin ɗan akwatin ɓari biyu ne kawai, babu fikafikan gefe irin na Lankasta. Farantin tagullar da ke ɗaya gefen, inda kusoshin makunni ke fitowa, ya ƙare da tsini kamar kan kibiya. A lungunan da hannu bai goge ba akwai sauran jan fenti mai sheƙi. Daga ƙarshe ya kifa ta, ya ɗora gilashinsa gaban tagullar da ke kare kunama, ya ce in leƙa. Wani ɗan kai ne na mutum, bai fi farcen babban yatsa ba, da hula mai tsini da idanu biyu ƙuri. Wasu na cewa hoton ɗan asalin ƙasar ne, wasu na cewa macen nan ce da Amurkawan farko ke zanawa alamar 'yanci. Ko wane ne, a kwarin Lehigh yake zaune, wajen Allentown, inda su Herman Rupp da Peter Neihart da John Moll suka yi aiki, da Jacob Kuntz kafin ya koma Filadelfiya.

Na tambaye shi wane ne daga cikinsu. Ya ce gunduma dai ya ba ni, ya kuma ba ni zamani, wajen 1800, amma mutum ba zai ba ni ba. Zamanin daga gindin ƙota ya karanto shi. Na farko-farko, kafin yaƙin neman 'yancin Amurka da lokacinsa, gindinsu na da kauri kusan inci 2, a miƙe, bakin bututu mai faɗi, murfin akwatin ma sau da yawa na itace ne mai zamewa. Da aka shiga shekarun 1800 sai gindi ya yi ta sirancewa yana lanƙwasa kamar jinjirin wata, baki ya tsuke, sassaƙa ta ragu, aka koma manna 'yan azurfa a jiki. Wannan tana tsakani.

Abin da ya burge ni da mutumin shi ne da kansa ya tona asirin kayansa. Ya kwance kusoshi biyu ya zare makunnin, ya nuna mini gefen bututu inda wuta ke shiga. Akwai wani zagaye siriri a ƙarfen, launin cikinsa ya ɗan saɓa da na kewaye. Daga shekarun 1830 aka yi ta sauya bindigogin ƙyastu zuwa masu 'yar hular tagulla da kunama ke fasawa, don ita ruwa bai cika hana ta tashi ba. Maƙeri ya cire kasko, ya huda gefen bututu ya ɗaura wani ɗan ƙarfe. Bayan shekara ɗari, da masu tara kayan tarihi suka fi biyan kuɗi a kan ta ƙyastu, sai wasu suka riƙa toshe hudar suna mayar da kasko. Zagayen nan tabon toshiyar ne. Itacen da ke bayan wurin ma ya ci wuta ya zaizaye irin cin da hular tagulla ke yi, kaskon kuma tsatsarsa ba ta kai ta farantin tsufa ba. Ya kuma nuna wani gurbi da aka cike a saman bututu, inda ma'aunin saiti yake a da: an taɓa yanke bututun ta gindi da ya lalace, komai ya matsa. Sauyin farko bai dame shi ba, ni ma haka, don mai ita ne ya gyara abin farautarsa. Na biyun ne ɓarna, an goge shekarun da ta yi tana aiki don a ƙara farashi.

Dalilin da ya sa gari ke da kama shi ne koyon sana'a. Yaro yakan shiga hannun maigida da yarjejeniya a rubuce har ya kai shekara 21, ya tashi da allon awon ƙota irin na gidan, da samfurin da ake zuba tagulla a kansa, da yadda aka saba ɗana ɗan ƙarfen da ke buɗe murfin akwati. Leonard Reedy ya koya a wurin John Bonewitz a Womelsdorf, ya koma Gratz da zama, kuma aikinsu ya yi kama har masana kan yi gardama a kan wasu. Saboda haka dattijon ya ce shi ya fi yarda da wuraren da ba a yi don kallo ba: cikin ramin akwati da sawun kurfin da ya fafe shi, inda aka kafa kusa, yadda aka gama wutsiyar sassaƙa a bayan tudun ƙota da maharbi ke kara kuncinsa. Mai yin jabu furen yake kwaikwaya, don shi ake gani a hoto. A nan ne kuma nake da ja da kasuwar. Da zarar an rubuta a takardar gwanjo cewa ana danganta bindiga da wane, kuɗinta ya tashi, alhali mai wannan ƙira yana da yara da ƙanne da maƙwabta da suka sha daga rijiya ɗaya. Mutumin da ya tsaya a gunduma ya ƙi ƙarasawa zuwa suna ya fi kwanta mini a rai.

Sauran teburan da sauri na bi su, rana ta yi sanyi. Na gundumar Bucks murfin akwatinsu ta gefe yake buɗewa, maratayinsa a ƙasa. Na Bedford, can yamma cikin duwatsu, sirara ne ƙwarai, farantin makunninsu ya ƙare da 'yar wutsiya da suke kira wutsiyar ɓera, kuma maƙeran can da kansu suke ƙera shi. John Armstrong na Emmitsburg a jihar Merilan shi ma yakan yi makunninsa ya sa alamarsa, don haka ka'idar nan ta kada a yarda da sunan jikin makunni tana da masu karya ta. Akwai ɗaya daga gabashin Tenesi, irin ta maƙeran zuriyar Bean: baƙin ƙarfe a madadin tagulla, itacen walnat, murfin akwati dogo siriri, ba fure ba azurfa. Wasu na tsaunukan ko murfin babu, rami ne kawai a ƙota da ake cusa kitse. A idon ɗan gidan ƙira ita ta fi nuna aikin wuta da uwar maƙera, don duk abin da ke jikinta dukansa aka yi.

Washegari muka nufi Nazareth. Kusa da garin ne Christian's Spring take, inda 'yan Morabiya suka yi maƙerar bindiga tun kafin yaƙin neman 'yanci. Albrecht ɗin nan na Lititz, haifaffen Zella ta Jamus a 1718, shi ya fara riƙe ta. Da ya bar ta a 1766 yaronsa Christian Oerter ya gaje shi, ya bar bindigogi masu suna da shekara, 1774 da 1775, da adon siririyar waya da aka dasa a cikin itace, ya rasu a 1777 bai cika talatin ba. Abin mamaki, jama'ar da akidarta ba ta son ɗaukar makami ita ta bar wa masu bincike hujja mafi ƙarfi, domin komai rubutawa suke yi: wane yaro aka ba wane maigida, bututu nawa ke cikin shago a ƙarshen shekara. Da takardun nan ake auna bindigogin da ba su da suna.

William Henry ƙarami, ɗan wani sanannen maƙerin Lankasta mai wannan suna, a wurin Albrecht ya koya a Lititz, ya zo Christian's Spring, sannan ya kafa nasa a Nazareth. Zuriyarsa ta gina masana'anta a Boulton, bakin rafin Bushkill, wajen 1812, kuma a tsohon gidansu ne gidan tarihin dogayen bindigogin Fensilbaniya yake yanzu. Ba kullum ake buɗe shi ba, sai an duba rana. Daga nan aka yi ta tura bindigogi ga kamfanin fatu na John Jacob Astor, ana musayarsu da fatun dabbobi a wurin 'yan asalin ƙasar. Mutanen da aka kora daga kwarin nan da irin wannan makami, jikokin 'yan'uwansu na yamma su suka zama masu sayensa, kuma gilashin nuni bai cika son tsayawa a kan wannan ba.

A Boulton dubawar ta sauya. Kayan masana'anta kusan kamarsu ɗaya, an yi su a kan samfurin da mai oda ya aiko, wani ma cewa yake a yi masa irin ta Lankasta ko irin ta Ingila. Doron ƙota ba ya gaya maka gari kuma. Sai a koma kan hatimin da aka buga da ƙarfe a lissafa zamaninsa: mai "J.J. Henry" na John Joseph ne, wanda ya rasu a 1836, mai "J. Henry & Son" kuwa na ɗansa James ne bayan ya shigo da nasa ɗan, Granville, cikin harkar, kuma a hannunsu aikin ya kai ƙarshen shekarun 1800.